Hannun da ya Goge Talabijin

Ranar Litinin da la'asar bidiyon Hedimasta ya ɓace, kafin magariba kuwa unguwa ta gama yi wa ƙanina shari'a. Ni yayarsa ce, tela, shagona na jikin nasa, saboda haka ba labari aka ba ni ba. Da idona na gani, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci kafin ya yi daɗi.

Auduga ake ce wa ƙanin nawa, don ba a raba aljihunsa da auduga da 'yar kwalbar sifirit. Gyaran rediyo da talabijin da bidiyo ne sana'arsa, amma a wurinsa rabin gyara tsabta ce. Shekara goma sha ɗaya yana shiga ɗakunan mutane yana kakkaɓe musu ƙura daga cikin sifika, ko allura ba a taɓa cewa ta ɓata ba. Mutum ne mai sanyin tsiya. In aka taka shi, shi zai ba da haƙuri, ni kuwa Allah bai yi ni haka ba.

Hedimasta tsohon shugaban makaranta ne da ya yi ritaya. Bidiyon nasa tsohon yayi ne, irin mai cin kaset, ko kyauta aka ba wani ba zai karɓa ba. Amma a cikinsa akwai kaset ɗaya tak da ba ya fita: hoton matarsa da ta rasu shekara shida da suka wuce, minti ashirin tana magana tana dariya. Kullum da la'asar sai ya zauna ya kunna. Duk unguwa an san da haka.

Ran nan da safe Auduga ya je gidan, ya goge kayan kallon kamar yadda ya saba duk wata. Ya ji bidiyon na wani ƙii-ƙii, ya ce robar da ke juya kaset ce ta tsufa, gobe zai kawo sabuwa. Ya fito kafin azahar. Da la'asar Hedimasta ya tashi daga barci ya tarar da gurbin bidiyo wayam.

Direban gidan ne ya fara cewa ya ga Auduga ya dawo da rana ya fita da jaka. Shi ke nan, magana ta kama wuta. Washegari da safe mutane suka yi layi a ƙofar shagon ƙanina, kowa na karɓar kayansa, gyararre da wanda ba a gyara ba. Matar mai kanti har da cewa dama ita tun tuni idonsa bai kwanta mata ba. Hedimasta ya aiko da saƙo: kwana uku, in bidiyo bai dawo ba zai kira 'yan sanda.

Na tarar da Auduga zaune a shagon da ba kowa sai kantoci, yana naɗe waya yana kwancewa.

"Yaya, ko da an kama ni an sake ni, wa zai ƙara buɗe mini ƙofar ɗakinsa?"

Gaskiyarsa ce. Mai shiga ɗakin mutane sunansa ne jarinsa. Na rufe kekena na yafa mayafi na nufi gidan Baba Mai-Sawu.

*

Baba Mai-Sawu ya yi shekara talatin yana bin sawun dabbobin da aka sace da na mutanen da suka ɓata a daji. Yanzu ya tsufa, gwiwa ta ƙi, amma har yau in yana tafiya ƙasa yake kallo, kai ka ce ya yar da wani abu. Na zayyana masa komai ina huci. Bai katse ni ba sai da na gama.

"'Yata, kin ce bai ɗauka ba. Kin sani ne, ko kina so ne?"

"Na sani, Baba."

"To, mu je mu gani ko ɗakin zai yarda da ke."

Da muka isa gidan Hedimasta, Baba ya tsaya a bakin ƙofa ya dubi tsakar gida ya yi tsaki. 'Yan jaje sun tattake ko'ina, babu takalmin unguwa da bai bar hatiminsa ba. Mota na tsaye tana walƙiya kamar ba ta taɓa taka ƙasa ba. Ya zagaya bayanta a hankali, ya dubi wata taya da aka jingina da bango kusa da famfo, ya ɗan taɓa ta da sandarsa, ya wuce.

Hedimasta na falo, ya rame a kwana ɗaya. Ko kallona bai yi ba.

"Baba, ba bidiyon ne ya dame ni ba," ya ce. "A riƙe shi. Kaset ɗin kawai nake so."

Baba ya durƙusa da ƙyar a gaban teburin kayan kallo. Talabijin na sama, gurbin bidiyo na ƙasa. Ya leƙa baya ya zaro wani guntun waya da ya tsinke, kansa na maƙale a jikin talabijin, da jan zare ɗaure a wuyansa.

"Wannan zaren fa?"

"Nawa ne," na ce. "Auduga ke ɗiba a shagona. Kowace waya da launin zarenta, don kada ya rikita su. Mutumin da ke ɗaura wa waya zare ne zai fizge ta har ta tsinke?"

"Ɓarawo yana sauri," in ji Hedimasta a bushe.

Na buɗe baki, Baba ya ɗaga mini hannu. Ya dangwali wani ɗigo baƙi a kan kafet, ya murza a yatsa, ya shinshina. Sannan ya ce a kira masa mutanen gida ɗaya bayan ɗaya.

*

Iya mai aiki ce ta fara shigowa, tana share hannu da gefen zane. Tun kafin a tambaye ta ta fara rantsuwa.

"An ce kin taɓa cewa da ma kaset ɗin nan ya ɓata kowa ya huta," in ji Baba.

Wani daɗi ya kama ni, Allah ya yafe mini. Na ce to, ga ɓarauniya.

"Na faɗa, Baba, ba zan yi ƙarya ba. Kullum in ya kalla sai ya ƙi cin abinci. Amma faɗa daban, ɗauka daban. Ni da azahar ma ina kasuwa, a tambayi mai kayan miya. Kuma ni da teburin nan ko hanya ba ta haɗa mu."

"Don me?"

"Wata rana na wanke fuskar talabijin da ruwan sabulu. Auduga ya zo ya gani, ya yi ta yi mini wa'azi kamar na kashe rai. Wai ba a sa ruwa, ba a sa sabulu, sai an zare wuta, sai busasshen tsumma mai laushi, daga sama zuwa ƙasa. Tun ranar na ce shi da kayansa."

Direba ya shigo bayanta, tsaf da shi, wani rawayan tsumma na leƙowa daga aljihun bayansa. Shekara tara yana tuƙa Hedimasta, kuma kowa ya shaida babu mai kula da mota irinsa.

"Ranka ya daɗe, ni daga azahar har la'asar ban ɗaga daga jikin mota ba. Ina goge ta na ga Auduga ya shigo, ya fita da baƙar jaka."

"Kun gaisa?"

"A'a, ya sunkuyar da kai ya wuce."

"Bayan shi wa ya zo?"

Direba ya ɗan yi tunani. "Ba kowa. Sai dai na ji muryar ɗan gwangwan a kan titi yana kiran tsofaffin kaya."

Baba ya dubi yatsansa mai baƙin ɗigo, ya dube ni. Ɗan gwangwan! Wa ya kai mai sayen tsofaffin ƙarafa yawo da baƙin mai a hannu?

*

Muka same shi a bayan kasuwa cikin tulin ƙarafa, kuma me za mu gani a kan kurarsa in ba bidiyo ba? Na yi kukan kura na cafke shi.

"Ga shi, Baba! Wallahi ga shi!"

Baba ya karɓa ya juya shi, ya tura yatsa a bakin da ake sa kaset. Kyankyasai uku suka fito a guje, ɗaya ya hau mini hannu, na yi ihu na yi tsalle. Ɗan gwangwan ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Hajiya, wannan ai ya shekara biyar da mutuwa. In kina so na bar miki."

Kunya ta kama ni, amma Baba ko a jikinsa. Ya zauna a kan wata tsohuwar batir suka shiga hira kamar abokai. Can ya tambaye shi ko ya bi ta gidan Hedimasta jiya.

"Na bi, wajen ƙarfe biyu. Har na leƙa in roƙi ruwa, na yi sallama sau uku ba wanda ya amsa. Mota ce kawai da bokiti, famfo na ta zuba a ƙasa. Ni na rufe musu shi ma."

A hanyar dawowa na kasa haƙuri. "Baba, direba ya ce bai ɗaga daga jikin mota ba."

"Ya ce. Amma mutum na iya shiga bayan gida, kuma ɗan gwangwan na iya ƙarya. Bakin wannan da bakin wancan, wa za a ɗauka? Ƙarfe nawa yanzu?"

"Huɗu ta kusa."

"Ɗaga ƙafa. Rana nake so in riska."

*

Da muka koma falon, Baba ya sa aka kashe fitila, ya yaye labulen tagar yamma. Hasken rana ya shigo a karkace ya kwanta a fuskar talabijin. Ya matsa gefe, ya manna kuncinsa kusa da gilashin, ya rufe ido ɗaya.

"Sawu ba a kallonsa daga sama," ya ce. "Sai ka sa rana a gefe ka ƙasƙantar da kanka. Zo ki duba."

Na sunkuya. Daga gaba gilashin tas yake, amma daga gefe sai ga su: da'ira a kan da'ira, ƙanana, a jere, sun cika kusurwar dama ta sama, suna wani maiƙo. Sauran gilashin kuwa babu ko tabo.

"An tattake mini sawun ƙafa," in ji Baba a hankali, "amma hannu ma yana barin nasa. Ƙaninki in zai zare waya yaya yake yi?"

"Janyo teburin yake gaba ɗaya, ya zagaya baya."

"Wannan bai janyo ba. Dafa gilashin ya yi ya miƙa hannu baya ya fizga. Da ya ga shatin tafinsa, sai ya goge. Kada ki faɗa wa kowa, ko ƙaninki. Gobe warhaka ki zo da shi."

Na kwana da maganar nan a bakina kamar garwashi, amma na riƙe.

*

Ranar Laraba da la'asar falon Hedimasta ya cika. Iya, Direba, ɗan gwangwan da Auduga suna jere a gaba. 'Yan unguwa sun cika ƙofa da tagogi, matar mai kanti a sahun farko, ta zo ganin yadda za a tafi da ƙanina.

Baba ya zo da gilasai huɗu na tsohuwar taga, ya barbaɗa musu garin alli, ya jera a kan tebur.

"Idona ya yi rauni," ya ce. "Ina so in duba wani abu ta cikin gilasan nan. Kowa ya taimaka ya goge mini ɗaya."

Aka fara gunaguni, wai tsufa ya fara taɓa Baba. Iya ta jiƙa gefen zanenta ta ja dama da hagu, ta bar shi jirwaye. Ɗan gwangwan ya share da tafin hannu sau ɗaya ya ce ya gama. Auduga kuwa sai da ya zaro ɗan burushi ya kaɗe allin, sannan ya fito da farin tsummansa ya ja daga sama zuwa ƙasa, layi bayan layi. Ko a bakin kabari aka ce ya goge gilashi haka zai yi.

Direba ya dube su ya yi murmushin raini. Ya zaro rawayan tsummansa, ya kaɗa shi, ya hura wa gilashin numfashi, ya shiga murzawa yana zagayawa, ƙanana-ƙanana, a jere, har gilashin ya ɗauki ido.

"Haka ake goge abu, ranka ya daɗe."

"Madalla," in ji Baba. "Malam, taso."

Ya yaye labule. Ya ɗaga gilashin Direba ya jera shi da fuskar talabijin, ya riƙo Hedimasta ya sunkuyar da shi ta gefe. Hedimasta ya duba wannan, ya duba wancan, ya sake dubawa. Sannan ya shinshina gilashin talabijin, ya miƙa hannu ya karɓi rawayan tsumman ya shinshina. Ya ɗago a hankali ya zuba wa Direba ido.

"Man goge mota," ya ce.

"Auduga ya goge talabijin ɗin nan da safe," in ji Baba, ya ɗaga murya don na waje su ji. "Kun ga yadda hannunsa ke tafiya. Duk wanda ya bar da'irar nan, bayansa ya zo."

"Ranka ya daɗe, ai ni... na taɓa goge shi tuntuni, wata rana..."

"Tuntuni, kuma gogewar Litinin ba ta share ta ba? To bar wannan. Safayar motarka me take yi a jikin bango kwana biyu? Mutum mai kula da mota irinka, ya bar taya a rana? Me ya kore ta daga gurbinta?"

Direba ya fara ja da baya.

"Kawo makullin but ɗin mota," in ji Hedimasta.

Gaba ɗaya aka ɗunguma tsakar gida. Aka buɗe but, aka ɗaga shimfiɗar ƙasa. Ga bidiyo kwance a ramin safaya, naɗe da buhu, baƙin mai na tsiyaya daga bakinsa.

Ban san lokacin da na yi guɗa ba. Na juya na nemi matar mai kanti da ido, na same ta tana ƙoƙarin ɓuya a bayan wani.

Direba ya zube a ƙasa. "Wallahi ba sata na yi niyya ba, Maigida. Na ji yana ƙii-ƙii. Duk abin da ke ƙara ai mai yake so. Na ce me za a jira gobe, bari in ɗiga masa man inji ka tashi ka ji shi shiru. Da na kunna in gwada, sai ya haɗiye zaren kaset ɗin. Na rasa inda zan sa kaina."

"Ɓarnar da ka yi kuskure ce, da ka faɗa da na yafe," in ji Hedimasta. "Amma ka buɗe baki ka ce ka ga bawan Allah nan da jaka. Kana kallo aka kwashe masa shago. Ajiye makullin, ka fita mini daga gida."

Sannan ya juya ga bidiyon, ya ga zaren kaset ya cukurkuɗe cikin mai. Ya zauna a bakin but ɗin ya rufe fuska.

Ni a raina na ce mu tafi, an wanke mu, sauran ba ruwanmu. Amma Auduga ya riga ya durƙusa yana leƙa bakin bidiyon da 'yar tocila.

"Malam, kada wanda ya ja zaren nan. A ba ni kwana biyu."

*

Kwana biyun nan ko ɗinki ban yi ba, ina tsaye a kansa. Ya kwance bidiyon gunduwa-gunduwa a kan farin ƙyalle. Ya naɗa auduga a tsinke, ya dangwali sifirit, ya bi kowane lungu, auduga ta yi baƙi ya jefar ya naɗa wata, har suka cika kwano. Ya wanke kan da ke karanta hoto a hankali kamar mai wanke idon jariri. Zaren kaset kuwa da ɗan hantsaki ya zaro shi, ya shimfiɗa, ya goge taƙi bayan taƙi. Inda ya tauna ya yanke tsawon yatsa ɗaya ya haɗe bakin biyu. Ya sa sabuwar roba.

Ranar Juma'a da la'asar ya janyo teburin Hedimasta, ya zagaya baya, ya jona ja da ja, shuɗi da shuɗi. Falo ya fi na ranar Laraba cika. Baba Mai-Sawu na kan kujera ya dogara da sandarsa. Auduga ya danna.

Gilashin ya yi ruwan toka, ya yi rawa, ya tsaya. Sai ga marigayiyar, zaune a wannan falon, tana kare fuska da hannu tana dariya.

"Haba Malam, kashe abin nan! Wa zai zauna ya kalle ni?"

Mutum sama da talatin ne ke kallonta. Iya ta fashe da kuka, ni ma ban tsaya ɓoye nawa ba. Hedimasta bai share hawayensa ba. Ya miƙe, ya kama hannun ƙanina da hannu biyu, ya juya ga jama'a.

"Na koyar da yara shekara talatin da biyar cewa kada su yanke hukunci sai sun bincika, ni kuma na faɗi jarrabawar. Ɗana, ka yafe mini."

"Ba komai, Malam," in ji Auduga. "Amma a riƙa rufe shi da ƙyalle, ƙura na shiga."

Baba ya yi dariya har sandarsa ta faɗi.

Washegari tun kafin mu buɗe shago layi ya kai bakin titi, kowa rungume da rediyonsa, ana ta yaƙe. Hedimasta ne a gaba, da wata tsohuwar rediyo da na tabbata lafiyarta lau. Auduga zai fara karɓa da hannu biyu, na ture shi gefe, na jawo kujera na zauna a bakin ƙofa. Ni na tsara layin ranar. Matar mai kanti ta zo da sifikarta tun da sassafe, ita ce ta uku, ta dube ni ta ce, "Yaya, ai ni dama na san ba zai aikata ba."

"Na sani," na ce mata. "Koma baya."